Ki Bar Ƙyauren Lambu a Buɗe

Zuwa ga autata Halima,

"Ki rubuta mata da manyan baƙaƙe," in ji Inna Bibata, maƙwabciyarmu ta bayan gida, tana tsaye a kaina da ƙwaryar albasa a ƙugu. "'Yan boko ba su jin magana sai sun gan ta bisa takarda. Ke ma hakanan kike dauri." Na ce mata ai har yanzu haka nake. Ta ce ta sani, kara ce kawai ta yi mini.

To, ga shi ina rubutawa. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ina fatan kin iso lafiya, kuma jirgin fito bai shanya ki a bakin Kwara ba. Allah ya tsare ki a wannan fita ta farko daga gida, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin da kika gani da wanda ba ki gani ba.

Ba zan ba ki labarin gida ba, jiya kika baro shi. Ba kuma zan koya miki aikin koyarwa ba, ɗalibai za su koya miki cikin mako biyu. Abin da ya sa na riga ki zuwa nan shi ne maganar da na ji kina yi da yayanki Bello ran da takardar aikinki ta zo. Kin ce tunda an turo ki Bagudo, ni kuma an mayar da ni Kaduna, gidan hutun nan ya dawo hannunki, kuma abu na farko da za ki yi shi ne ki kewaye lambun da waya ki sa kwaɗo, don mutane sun mai da shi hanya. Nan take na gane muryar. Tawa ce, ta shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Kin san gidan tun kina goye, amma ba ki san sharaɗin da ke kansa ba. Wani Bature likitan dabbobi ne ya gina shi, ɗaki biyu da baranda, don ya riƙa gudowa daga ofis. Shekarar da aka sami mulkin kai ya haɗa kayansa. Babanki, Allah ya jiƙansa, yana aikin kwastan a bakin iyakar Dahomey, kamar yadda ake kiran Benin a lokacin. Ni kuma ina koyarwa a makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, ban daɗe da fitowa daga jami'a ba, ina ɗauke da digiri a ilimin tsirrai da cikakken tabbacin cewa ƙasar nan ni take jira. Kowa a shekarun nan yana gadon wani abu na Bature: wani kujera, wani mota, wani har da tafiyarsa da irin tarinsa. Mu muka gaji gidan hutu.

Ran da muka je gaida mai gari, ya faɗi wata magana da na ji amma ban saurara ba. Ya ce ginin namu ne tunda mun saya. Ƙasar da ta tashi daga baranda zuwa bakin ruwa kuwa ta gari ce. Aro aka ba Bature, aro ake ba mu. Muddin fartanya tana taɓa ta, tamu ce har jikoki. In ta yi damina uku ba a noma ta ba, ta koma hannun gari a ba mai bukata. Ki karanta wannan sau biyu. Dokar tana nan har yau. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, shi ya sa ba ta taɓa ɓata ba.

Kuskurena na farko, na so in riƙe lambun yadda Bature ya bar shi: fili na ciyawa kwance kamar darduma, da furanni a jere. Shi yana da mutum biyu masu ba su ruwa safe da yamma. Ni ina zuwa sau uku a shekara, in makaranta ta yi hutu. Duk zuwa sai in jawo injin yankan ciyawar da ya bari in yi ta turawa. A haka na fara sanin Inna Bibata. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba lokacin, 'yar Dendi ce, a bakin kogin nan aka haife ta. Ta tsaya tana kallona har na gama layi uku.

"Mallama, hakin ga, ina dabbar da za ta ci shi?"

Na ce ba na dabba ba ne, na kallo ne.

"A ba shi ruwa, shi tsiro, a yanke, a zubar."

Na ce haka ne.

"Kuma ku aka bar ma ƙasa ku riƙe." Ta gyara tulunta a ka. "Allah shi taimake mu."

Bazara ɗaya ta gama da ciyawar da furannin. Ga abin da na koya. Lambun gidan hutu lambu ne da mai shi ba ya nan. Duk abin da yake son ganin fuskarki kullum, kada ki shuka shi. Ki shuka abin da zai iya jiran ki: mangwaro, gwaiba, lemun tsami, zogale, lalle a bakin iyaka. In kin dasa ƙaramin itace, ki binne tulu kusa da saiwarsa, bakin yana waje, a cika shi da ruwa a rufe. Zai riƙa tsattsafowa a hankali har kusan mako. Ki kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, ki zuba toka a gindinsa saboda gara. Ganyen da ya zubo kada ki ƙone shi don kina son wuri ya yi fes, ki tara shi a gindin itatuwa. Ni sai da na shekara biyu ina ƙone abincin itace ina alfahari da tsabta.

Kuskure na biyu ya fi daɗin ji, har yau ana ba da shi a kasuwa in hira ta yi ƙaranci. Hutun ƙarshen shekara na zo da kwali cike da iri da dashen lemun zaƙi talatin. Damina ta wuce da wata biyu, kogi ya ja baya, ya bar ƙasa baƙa mai laushi a gangaren lambu. Na duba na ce mutanen nan ba su san arzikinsu ba. Na ja fangali da igiya da ma'auni, na dasa, kowane layi na kafa masa ɗan allo da sunan tsiron da Latin.

Inna Bibata ta sauko ɗiban ruwa.

"Mallama, kin tambayi ruwa?"

Na ce wane ruwa, ai damina ta wuce.

Ta kama hannuna kamar ƙaramar yarinya, ta kai ni gindin tsamiyar nan ta tsakiyar gangare, ta nuna mini wata tsaga a jikinta, tafi ɗaya daga ƙasa. "Wanda ya wuce hwarin ruwa na, namu na damina. Baƙin ruwa bai iso ba tukuna. Daga ƙasashen yamma shi ka hitowa, wata da watanni shina tahiya. Nan shi ka tsayawa."

Halima, bayani na yi mata. Na tsaya a bakin kogin da aka yanke mata cibiya, na yi mata bayanin cewa kogi ba ya cika sai an yi ruwan sama, ga shi kuwa babu ko ƙyallin girgije. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce "To", irin "to" ɗin da ake ce wa mai zazzaɓi.

Wata guda bayan na koma makaranta, babanki ya aiko a ce in zo in ga lambuna. Na zo ran Asabar. Sama tas, rana tana dukan ƙasa, ga ruwa kwance, baƙi, shiru, ya hauro har tsagar tsamiya, bai wuce ta da yatsa ɗaya ba. Ba abin da ake gani na aikina sai kawunan allunan Latin, mata kuma suna kamun kifi da kwando a tsakaninsu. Wata ta ɗaga murya ta ce tarwaɗa ta fi yawa a layi na uku, ko mi Mallama ta rubuta a nan, a ƙara rubuta shi baɗi.

Na koma na buɗe littattafaina don in kama su da laifi. Abin yana ciki. Ruwan da ya zuba can saman kogi yakan daɗe a fadamun hanya, sai da rani ya iso mana. Na taɓa karanta shafin, har na ja masa layi da jan fensir. Ban dai taɓa zaton kogin cikin littafi shi ne wannan da ke jiƙa mini takalmi ba.

Saboda haka, kada ki shuka komai ƙasa da tsamiya sai baƙin ruwa ya zo ya koma, itace mai daɗewa kuwa kada ya sauka can ko da yaushe ne. In ruwan ya janye, lakar da ya bari ta fi kowane taki: dankali, kabewa, kuɓewa, duk suna yi ba tare da an roƙe su ba. In kuma tsohuwa ta tambaye ki ko kin tambayi wani abu, ki ajiye abin da ke hannunki ki tambaya.

Da na yi hankali daga nan, da wasiƙar ta ƙare. Amma dariyar matan nan ta zauna mini a ƙirji, sai na yi abin da mai ilimi yakan yi in an yi masa dariya, na nemi wanda zan hukunta. Na ce awaki ne ke cinye mini dashe, mata kuma suna tattake mini ƙasa in za su kogi, suna jan ruwa a rijiyarmu ba sallama. Na sa aka kawo waya mai ƙaya daga Sakkwato, aka kewaye lambun tun daga baranda har bakin ruwa, aka kafa ƙyauren ƙarfe, na sa kwaɗo mai nauyi, na jefa mabuɗin a jakata. Babanki ya ce, "Kin tabbata?" Sau ɗaya yake tambaya, kin san shi. Na ce na tabbata. Na dasa mangwaro uku sama da tsamiya, na cika musu tuluna, na tafi ina ji kamar na kafa gwamnati.

Daga nan abubuwa suka taru. Aka mayar da babanki wuri mai nisa. Na haifi Bello, na sha wuya, na daɗe ban iya doguwar tafiya ba. Shekarar da ta biyo aka ba ni riƙon makaranta. Damina ɗaya, biyu, uku. Mabuɗin yana jakata duk tsawon lokacin. Nakan taɓo shi in ina laluben alli, in ji daɗi cewa lambuna yana tsare.

Sai saƙo ya zo daga mai gari. Wani Alhaji mai fataucin goro da gishiri tsakanin nan da Dahomey yana son wurin ya noma taba, ya ce damina uku sun cika. A zo ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Muka iso da babanki a makare, ko biyawa ta gidan ba mu yi ba. Na riƙe takardar sayen gida a ambulan kamar makami. Zaure ya cika. Mai gari ya karɓi takardar, ya sa aka karanta masa, ya miƙo mini da ladabi. "Mallama, wagga ta gini ta. Ba wanda ya taɓa ginin ki." Alhaji ya yi magana, kuma gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Shekara uku yana wucewa ta hanya yana ganin kwaɗo a ƙyaure, ya yi tsatsa, ba a taɓa buɗe shi ba. Wurin da ba a buɗe ba, wa ya noma shi? Na dubi babanki, yana duban takalminsa. Har na fara tunanin yadda zan riƙa zama a baranda ina kallon tabar wani.

Sai muka ji muryar Inna Bibata daga bakin zaure, inda mata suke tsayawa.

"Ranka shi daɗe, a tahi a duba mana. Ba nisa."

Muka ɗunguma, mai gari a gaba, Inna Bibata a baya. Na sa mabuɗi, kwaɗon ya ƙi, sai da babanki ya ɗiga masa man mota. Daga hanya ba a ganin komai sai ciyawa da ta kai kafaɗa. Da muka ratsa ta muka zagaya bayan ɗaki, sai ga kuɓewa da yakuwa da barkono a jere, ga jigo a bakin rijiya ana jan ruwa da shi, ga mangwarona uku sun fi ni tsayi, kowanne da tulunsa cike. A kusurwar da ke duban gidanta an yanke waya an naɗe ta gefe, daidai faɗin mace ɗaya da tulu a ka.

Alhaji ba wawa ba ne. "Ranka shi daɗe, wanga ba noman Mallama ba na. An yanke waya an shiga. Da izinin wa?"

Mai gari ya juyo gare ni. "Mallama, da izininki?"

Ki dubi inda na tsaya. In na ce e, na yi ƙarya a gaban mutanen da duk sun san ƙarya ce, mai gari kuma ba zai ɗora hukunci a kanta ba. In na ce a'a na yi shiru, na rasa lambu, na kuma mai da matar da ta shayar da itatuwana bazara uku ɓarauniya. Inna Bibata ba ta taimake ni ba ko da ido. Tana gyara ɗaurin zanenta tana duban kogi, kamar ba da ita ake ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ba ta ba. Ya kamata in ba ta tun ran da na sa kwaɗon nan, ban yi ba, don ba ni da wayo. Izinin ya makara shekara uku. Ga shi ya iso." Na sa mabuɗin a hannunta.

Ta juya shi ta duba gaba da baya.

"Mi zan yi da shi? Ina da ƙohwata."

Mai gari ne ya fara dariya, sauran suka bi. Da ya nutsu ya ce shi abin da ya gada, an ce fartanya ta taɓa ƙasa, ba a ce a hannun wa ba, mai wuri kuma ta amshi noman a gaban shaidu. Ya ce wa Alhaji akwai wani fili wajen hanyar Lafagu. Alhaji ya karɓa ba da son ransa ba, amma daga baya shi ne yake aiko mana da goro duk zuwanmu. A ranar na sa aka kwance wayar. Kwaɗon na rataye shi a ƙusa cikin ɗaki, inda zan riƙa ganinsa.

Abin da muka shirya a gindin tsamiya ran nan shi ne yake tafiya har yau, shi nake so ki riƙe. Gangare na gidan Inna ne bayan baƙin ruwa, haka ma gefen rijiya don albasa. Su ke ba itatuwa ruwa da bazara. Hanyar kogi ta ratsa tsakiyar lambu, mun jera mata duwatsu, mai wucewa ya wuce, in ya ga akuya ya kore ta. Wannan hanyar da take ɓata miki rai ita ce mai gadinmu. Bayan girbi Fulani sukan zauna da shanu kwana goma a filin da ciyawar Bature take a da, su bar mana taki. Kada ki tashe su saboda wari, ki rufe taga. Kwandon farko na mangwaro na mai gari ne, ɗan wancan na da ne ke riƙe da garin yanzu, ki kai da kanki. Abin da ya faɗo ƙasa na wanda ya tsinta ne. Inna ta manyanta, surukarta Fati ce ke jan jigo, amma da Inna za ki yi magana ita kuma ta faɗa wa Fati. Kada ki tsallake ta don sauri.

Abokan aikinmu da dama sun gaji irin gidajen nan a wancan lokaci. Sun sa waya mai kyau, ta fi tawa. Bara na bi ta wajen guda biyu. Wayar tana nan. Ita kaɗai ce take nan. Yanzu ki fita baranda ki dubi namu: mangwaro goma sha ɗaya, gwaiba har ta gundure mu, lemun tsamin da rabin unguwa ke sha da azumi, inuwar da ba ta yankewa daga ƙofa har tsamiya. Ba zan yi miki kawaicin ƙarya ba, ina alfahari da shi. Na yi shekaru a makarantu da ofisoshi, ban san abin da zai rage daga ciki ba. Wannan na san zai rage, kuma na same shi ne ran da na ce ba ni da wayo a bainar jama'a. Shi ne digirina na biyu, kuma shi ne wanda nake amfani da shi.

Saura guda, wannan ba na dariya ba ne. Bayan na yi nasara, sai na mai da lambun ofis. Kowane hutu nakan sauko daga mota da almakashi a hannu. Babanki yakan ja kujerarsa gindin mangwaron tsakiya da la'asar, ya koma ya jawo ta biyu, ya ce, "Malama, zo ki ga abin da kika yi." In ce bari in gama wannan layin. Layi kuwa ba ya ƙarewa. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kujerun biyu suna nan bayan ƙofa. Sunan wurin gidan hutu. Ki yi aiki da safe kafin rana ta yi zafi, da la'asar ki zauna. Ki ci gwaiba ba tare da kin juya ganyenta kina neman tsutsa ba. Ki kawo abokan aikinki ran Asabar su ci su yi guzuri. In kuma Allah ya kawo wanda zai jawo miki kujera ta biyu, ki ajiye almakashi.

Inna ta dawo, ta leƙa takardar, ta ce ta yi tsawo, ba mai karanta ta. Na ce za ki karanta, ai 'yata ce. Ta ce abin da take tsoro ke nan.

Allah ya yi miki albarka, Halima. Allah ya tsare shigarki da fitarki, ya kiyaye ki a tudu da kan ruwa, ya sa hannunki ya yarda da shuka, ya ba ki maƙwabta masu yanke waya in kin yi wauta. Ki gaida mai gari da Fati da duk wanda ya tambaye ni.

Na cika miki randa, na share ɗaki. Zan ninke takardar nan in danne ta da kwaɗon a kan tebur, don sai kin ɗaga shi kafin ki karanta. Ki ji nauyinsa, ki mayar da shi ƙusarsa. Mabuɗin ɗaki, in za ki yi nisa, ki mayar wa Inna. Ƙyauren lambu ba shi da mabuɗi. Ina so in riski jirgin fito na azahar, ga Inna can ta riga ni bakin mota da albasarta, wai guzurina ce. Bari in ja ƙofa.

Mahaifiyarki